Awo Kafin Gini: Nasiha Ga Matasa Masu Son Siffanta Ƙasar Garwa

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda Ya shimfiɗa ƙasa, Ya kafa duwatsu a bisanta, Ya gudanar da ƙoramu a tsakaninsu, kowanne bisa ƙaddara da gwargwado. Bayan haka, ya ku 'ya'yana samari da 'yan mata na Jambutu da sauran unguwannin Garwa, musamman ku da ke makarantu kuna sha'awar ilmin labarin ƙasa, ina so in yi muku nasiha a kan wani aiki wanda da yawanku kan so yi, ko dai don malami ya umarce ku, ko kuwa don kwaɗayin sani ya motsa ku, watau gina taswira mai tudu da kwari, irin wadda ake harhaɗawa da kwali ko katako ko yumɓu a bisa tebur, har mutum ya iya shafa dutse da hannunsa, ya bi kwarin kogi da yatsa. Aiki ne mai fa'ida ƙwarai, ina kuwa yaba wa duk wanda ya ɗaura masa niyya. Sai dai ku sani, wahalarsa ba a yankan kwali take ba, ba kuma a shafa fenti ba. Tana wajen samun sahihin awo na tsayin ƙasa, da sanin inda awon ya fito, da sanin iyakar abin da zai iya faɗa muku. Wanda ya ƙware a gini amma ya yi sakaci da awo, to, ya ƙawata ƙarya ne kawai, kuma mutane sun fi saurin gaskata ƙaryar da suka taɓa da hannunsu bisa ga wadda suka ji da kunne.

Ku fara duban ƙasar da Allah Ya ajiye ku a cikinta, don ku gane dalilin da ya sa ta cancanci wannan ɗawainiya. Kogin Binuwai yana tasowa daga tsaunukan Adamawa, a arewa da Ngaundare, garin da ke bisa tudu da ya haura mita 1,000 daga matakin teku. Yana gangarowa arewa har ya iske madatsar Lagdo, wadda aka gama ginawa a 1982, sa'an nan ya karɓi Mayo Kebbi gabas da garinmu, ya juya yamma ya wuce ta gabanmu, ya karɓi Faro kusa da iyaka, ya nufi Yola. Garwa kuwa, ko da yake tsakaninta da teku ta hanyar ruwa akwai kilomita fiye da 1,000, tsayinta bai wuce mita 200 da ɗoriya ba, alhali dutsen Tingilin da ke tsaye a arewa da ita ya haura mita 600. Ma'anar wannan ita ce, muna zaune a cikin kwari mai faɗi, inda ruwa ke tafiya a hankali, inda kuma bambancin mita biyu ko uku kaɗai ke raba gidan da ya tsira da gidan da ruwa ya ci. Waɗanda suka ga ambaliyar 2012, da wadda ta biyo baya a 2022, a nan da kuma can Najeriya, ba su bukatar a yi musu dogon sharhi a kan haka. Saboda haka sanin tudu da kwarin ƙasarmu ilmi ne mai amfani ga manomi da makiyayi da magini da mai mulki baki ɗaya.

Kada kuma ku ɗauka wannan fanni baƙo ne ga magabatanku a ilmi. Abu Raihan al-Biruni, shekara wajen dubu da suka wuce, a wani wuri da ake kira Nandana cikin ƙasar da yau take Pakistan, ya auna tsayin wani dutse ta hanyar duban ƙololuwarsa daga wurare biyu waɗanda ya san nisan da ke tsakaninsu, sa'an nan ya hau dutsen ya auna yadda sasannin sama suka sunkuya, daga nan ya fitar da girman duniya da lissafi. Al-Idrisi ya kammala littafinsa na labarin ƙasashe a tsibirin Sisili a 1154, bayan shekaru yana tambayar matafiya yana gwada maganar wannan da ta wancan, yana karɓar abin da suka haɗu a kai, yana ajiye abin da suka saɓa. Kusa da mu kuma, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba Bature Clapperton taswirar ƙasashen Sudan a Sakkwato a 1824. Abin da nake so ku ɗauka daga waɗannan malamai ɗabi'arsu ce ta tahƙiƙi, wato ƙin karɓar magana sai an san madogararta.

Sharaɗi na farko, tun kafin ku nemi taswira ko ku buɗe kwamfuta, shi ne ku yanke shawarar wane yanki za ku siffanta, kuma a kan wane ma'auni, domin ma'aunin shi ke faɗa muku irin awon da kuke bukata. Misali, in kun zaɓi yanki mai kilomita 20 a tsaye da 20 a kwance, wanda zai haɗa gari da kogi da gefen Tingilin, kuka ce kowace santimita ɗaya a tebur tana madadin mita 100 a ƙasa, watau ma'aunin 1:10,000, to, teburinku zai zama mita biyu a kowane gefe, kuma kowace milimita ɗaya ta tsayi tana madadin mita 10. In kuwa Jambutu kaɗai kuke so, da lungunanta da magudanan ruwanta, a ma'aunin 1:1,000, to, kun shiga wata mas'ala dabam, wadda awon da ya wadatar da aikin farko ba zai wadatar da ita ba ko kusa. Yawancin masu ɓata lokaci a wannan aiki sun ɓata shi ne don sun fita neman awo mafi kyau a duniya, ba su tsaya sun tambayi kansu awon me suke bukata ba.

Abin da za ku nema a kowace majiya shi ne layukan tsayi. Wanda ya taɓa lura da tabki bayan damina ya riga ya san su: yayin da ruwa ke janyewa mako bayan mako, yakan bar zobe a jikin gaɓa, wani ƙarƙashin wani, kowane zobe yana bin wuraren da tsayinsu ya yi daidai, inda gaɓa ta yi tsaye zobban sukan matsu, inda ta kwanta sukan yi nesa da juna. Haka layukan taswira suke, sai dai tazarar da ke tsakanin layi da layi ƙayyadaddiya ce, mita 10 ko 20 ko 40, kuma kowane layi shi zai zama faifan kwali guda a cikin gininku.

Majiya ta farko ita ce taswirar takarda. Jamusawa sun yi nasu tun kafin Yaƙin Duniya na Farko, mafi shahara ita ce ta Max Moisel a ma'aunin 1:300,000, wadda ke da daraja ga mai neman tsofaffin sunayen garuruwa da hanyoyi, amma ba a gina tsayi a kanta. Waɗanda suka fi amfani a gare ku su ne na hukumar taswira ta Faransa, IGN, waɗanda aka zana daga hotunan jirgin sama tare da awon ma'aikata a ƙasa, a ma'aunin 1:200,000 da 1:50,000. Takardar da ke ɗauke da sunan Garwa a ma'auni na farko lambarta NC-33-VIII. Yau wannan aiki yana hannun hukumar taswira ta Kamaru, INC, da ke Yawunde. Ku tambayi malamanku na labarin ƙasa, ku tambayi ma'aikatan ofishin auna filaye da muke kira kadastar, ku je da ladabi da takarda daga shugaban makarantarku, gama matambayi ba ya ɓata. In taswira ta zo hannunku, kada ku yi gaggawar duban tsakiyarta. Ku fara karanta gefe da gindi, inda aka rubuta shekarar da aka ɗauki hotuna, da tazarar layuka, da tushen da aka ɗora awon a kai. Tsofaffin taswirorin wannan yanki an ɗora su ne a kan tushen awo na zamaninsu, har akwai wanda ke ɗauke da sunan Garwa kanta, alhali wayar hannunku tana aiki da tushen WGS 84. In kuka haɗa su ba tare da daidaitawa ba, za ku iske kogi ya goce daga kwarinsa. Haka kuma taswirar da aka zana kafin 1982 ba ta san tabkin Lagdo ba, sai dai tana da wata falala da sababbi ba su da ita, domin tana nuna ƙasar da ruwa ya rufe.

Majiya ta biyu ita ce awon da aka yi daga sararin samaniya, kuma ni'ima ce wadda magabatanku ba su samu ba. A watan Fabrairu na 2000, kumbon Amurka mai suna Endeavour ya yi kwana 11 yana kewaya duniya da na'urar rada mai kunnuwa biyu, ɗaya a jikinsa, ɗaya a ƙarshen sanda mai tsawon mita 60, ya auna tsayin kusan kashi 80 cikin 100 na busasshiyar ƙasa. Wannan awo shi ake kira SRTM. Da farko abin da aka saki na ƙasashenmu an rarraba shi gida-gida, kowane gida murabba'i mai mita 90 da lambar tsayi guda. A 2014 aka saki na Afirka mai mita 30. Ana samunsa kyauta a shafin intanet na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, mai suna EarthExplorer, bayan mutum ya yi rajista. An yayyanka shi fale-fale bisa darajojin duniya, falen da Garwa ke ciki kuwa shi ne N09E013. Mai son tabkin Lagdo gaba ɗaya sai ya haɗa da fale-falen da ke maƙwabtaka da shi. Bayan wannan akwai na Japan, mai suna AW3D30, da na Turai, mai suna Copernicus, wanda aka samo daga tagwayen taurarin ɗan'adam na Jamus da suka fara aiki tare a 2010. Dukansu mita 30 ne, dukansu kyauta. Da manhajar QGIS, wadda ita ma ba a sayenta, za ku yanke yankinku, ku juya shi zuwa shiyya ta 33 ta tsarin UTM don awon ya koma mita, ku umarce ta ta fitar da layukan tsayi a tazarar da kuka zaɓa, sa'an nan ku buga su a takarda daidai girman teburinku, ku liƙa takardun gefe da gefe.

A nan ne nake roƙonku ku yi aiki da tarbiyyar da kuka samu a zauren karatu. Malaman hadisi ba su karɓar riwaya don daɗin lafazinta. Sukan tambayi wa ya faɗa, daga wa ya ji, yaushe, kuma yaya ƙarfin kiyayewarsa. Ku yi wa kowane awo irin wannan tambaya. Rada ba ta ganin ƙasa inda akwai abin da ya rufe ta, tana auna kan abin da ta fara cin karo da shi, don haka jerin itatuwan dogon yaro da rukunin gidaje sukan fito kamar ƙananan tuddai. An yi awon SRTM a Fabrairu, tsakiyar rani, sa'ad da Binuwai ya janye ya bar rairayi, saboda haka abin da ke cikinsa fuskar ruwa ce ta wannan wata, ba zurfin kogi ba, tabkin Lagdo kuma shimfiɗe zai fito. Gidan awo mai mita 30 yana haɗiye duk abin da ya fi shi ƙanƙanta, ko kwalbati, ko rami, ko gaɓar ƙorama. Kuskuren tsayin kansa yana iya kai mita da dama. A ma'aunin 1:10,000 wannan bai kai milimita ɗaya ba, ba ya cutar da kome. Amma a siffar unguwa, inda gangaren mita ɗaya ke yanke hukuncin inda ruwa zai bi, kuskuren ya fi abin da ake nema girma. Saboda haka ku ɗauko awo biyu ko uku ku gwada su da juna da kuma taswirar takarda: inda suka yi ittifaƙi ku natsu, inda suka saɓa ku sa alama, ku je ku gani da idonku, domin gani ya kori ji. Kada ku dogara ga tsayin da wayar hannu ke nunawa, gama takan sauya magana alhali kuna tsaye wuri guda.

Majiya ta uku ita ce ƙafarku, ita ce kuma abin dogaro ga mai siffanta unguwa. Akwai na'urori masu auna ƙasa daki-daki da hasken leza daga jirgin sama, akwai kuma ƙananan jirage marasa matuƙi, amma suna da tsada, kuma ba a tayar da su sai da izinin hukuma, balle a gari mai filin jirgin sama da barikin soja. Ku kuwa kuna da abin da kowane magini ya sani: siririn tiyo mai garai-garai, mai tsawon mita 15 ko 20, da sanduna biyu da aka yi wa zanen santimita. A cika tiyon da ruwa sannu-sannu har kumfar iska ta fita sarai, domin kumfa guda tana ɓata awo. Mutum ɗaya ya tsaya da sandarsa a kan wata alama tabbatacciya, kamar dakalin masallaci, ɗayan ya yi gaba da tasa, kowa ya jingina bakin tiyo a jikin sanda, a cire yatsa daga bakin, a jira ruwa ya daina rawa. Kowa ya karanta lambar da ruwa ya tsaya a kai; wanda lambarsa ta fi yawa shi ne a gangare, bambancin lambobin biyu kuwa shi ne bambancin tsayin ƙasa. Na uku ya rubuta a littafi nan take, da nisan da aka yi. Haka za ku bi lungu har ƙarshensa, sa'an nan ku kewayo ta wata hanya ku komo kan dakalin da kuka fara. In kun tara hawa kun ɗebe sauka, jimla ta kusa zama babu, awonku ya inganta, in kuwa ta yi nisa, ku sake, kada ku gyara lamba da alƙalami. Ku nemi izinin mai unguwa kafin ku fara, ku gaida masu gida, ku tambayi dattawa inda ruwa ya tsaya a shekarun ambaliya, sau da yawa za su nuna muku tabonsa a jikin katanga.

In awo ya kammala, gini mai sauƙi ne. A shimfiɗa takardar layuka a kan kwali, a bi layi mafi ƙasa a yanka, sa'an nan na bisansa a wani kwalin, a riƙa ɗora su da gam, a soke su da dogayen ƙusoshi a wurare ƙayyadaddu don kada wani faifai ya zame, daga baya a rufe matakalan da takarda mai laushi ko garin katako da aka kwaɓa da gam. A ajiye shi nesa da damshi da gara. Amma akwai amana guda a nan wadda ba na so ku manta. A ma'aunin 1:10,000, tazarar mita 20 milimita biyu ce kacal. In kaurin kwalinku milimita huɗu ne, to, kun ninka tsayin kowane tudu sau biyu, dutsen da ya ɗaga mita 500 bisa kogi zai ci faifai 25, ya tashi santimita 10 maimakon biyar. Wannan ƙari halal ne, har ma wajibi ne a ƙasa shimfiɗaɗɗiya irin tamu, in ba haka ba ido ba zai ga kwari ba. Abin da bai halatta ba shi ne ɓoye shi. Ku rubuta a gefen teburin, da rubutu mai kyau, ma'aunin kwance, da yawan ninkin tsayi, da sunan majiyar awo, da shekararta, da inda arewa take, da wuraren da kuka cike da ƙiyasi don awo bai kai ba. Wannan shi ne isnadin aikinku, kuma da shi ne mai zuwa bayanku zai iya gyara ku.

Ku sani kuma, siffar da aka gama ba ta cika ba sai mutanen ƙasar sun sa mata baki. A 2012, a Baibokum da ke kudancin Chadi kusa da iyakarmu, Hindou Oumarou Ibrahim da ƙungiyarta sun tara makiyaya Mbororo da maƙwabtansu a kan irin wannan taswira mai tudu da kwari, maza da mata suka riƙa nuna burtali da mashaya da wuraren itatuwan amfani, abin da babu tauraron da ya san shi. Ku ma ku gayyaci masunta da manoman fadama da makiyaya da iyayenku mata, ku ba su zare da allura mai kai su sa alama, ku saurara da tawali'u in sun ce kun yi kuskure. Sai dai kada ku mai da aikinku hujjar shari'ar gona ko iyakar fili, kada kuma ku ce wa wani gidansa ya tsira daga ruwa don kwali ya nuna haka. Wannan hukunci na masana ne masu kayan awo da izini, naku kuwa shi ne ku buɗe wa jama'a ido su san tambayar da za su yi.

To, 'ya'yana, ku haɗu uku-uku ko biyar-biyar, ku fara da ƙaramin yanki wanda za ku iya takawa da ƙafa, ku ajiye littafin awonku da tsabta kamar yadda kuke ajiye littattafan karatu, in kun gama ku bar shi a makaranta tare da siffar don ƙannenku su ɗora daga inda kuka tsaya. Ƙasar nan tana bukatar masu auna hanya da gada da madatsa da magudanar ruwa daga cikin 'ya'yanta, kuma wanda ya saba tun yana yaro da faɗin abin da ya auna, da yin shiru a kan abin da bai auna ba, shi ne za a iya damƙa wa irin wannan amana in ya girma. Allah Ya ba ku ilmi mai amfani, Ya sa albarka a hannuwanku, Ya kiyaye garinmu da maƙwabtansa daga sharrin ruwa da na fari. Amin.